Simintin Baba Mai Guga

A tsohuwar unguwar birninmu akwai wani lungu da ke tafiya sambal har tsakiyarsa, sai kuma ya karkace hagu ba tare da ya ba kowa dalili ba. A daidai wannan kwana shagon Baba Mai Guga yake, ya turo kafaɗa cikin hanya, ɗakin kwanansa kuma yana sama. Mai babur dole ya rage gudu a wurin ko ba ya so. Mota kuwa ba ta shiga, sai wata ƙarama da ta taɓa gwadawa, aka fito da ita da baya, mutanen lungu suna yi wa direban addu'o'in da ba na alheri ba.

Baba Mai Guga ya gaji shagon daga mahaifinsa, tare da teburi, da dutsen guga na gawayi, da ra'ayin cewa duk abin da ya yamutse a duniya sakacin wani ne. Tun yana saurayi yake tsaye a bayan teburin nan. Da aka kawo wutar lantarki ya sayi dutse na zamani, amma bai sallami na gawayin ba, don ya lura wutar baƙuwa ce, takan zo ta gaishe su ta koma. Karin gugarsa sananne ne. Idan ya karya maka wando, sai ka gaji da sa shi karin yana nan tsaye kamar an ja masa kunne. Ni kaina rigunana na aiki a hannunsa suka tsufa, kuma ban taɓa karɓar su ba tare da nasiha ba.

"Malam, wai yaya kake zama ne? Kokawa kuke yi da kujerar ofishin?"

Bai yarda mutum ya je gaban na gaba da shi a yamutse ba. A wurinsa wannan maganar mutunci ce: ka girmama mai kallonka, ka ɓoye masa wahalarka. Masu zuwa neman aiki, da masu zuwa kotu, da masu zuwa gaida surukai, duk ta shagonsa suke bi. Yakan dube su sama da ƙasa, ya gyara wuyan riga, ya ce su tafi, Allah ya ba da sa'a. Da wannan dutsen ya riƙe gida, ya sa 'ya'yansa a makaranta, har babbar ta zama ma'aikaciyar jinya, kuma har yau ba ya bari kowa ya goge fararen kayanta sai shi.

A ɗaya gefen kwanar akwai mai gyaran rediyo, ɗan kawunsa, wanda suka tashi tare suna tsokanar juna. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa. Kowa Sai Gobe yake ce masa, don abin da yake faɗa wa duk wanda ya zo karɓar rediyonsa ke nan. Bangon shagonsa duwatsu ne tsirara, farar ƙasar da ke tsakaninsu ta zaizaye, ƙofar katakon ta yi baƙi da hannun mutane. Bangon Baba Mai Guga ma na dutse ne, duk lungun haka yake, sai dai shi yana wanke nasa, kuma ya daɗe da niyyar shafe shi da siminti. Duk lokacin da ya tayar da maganar, maiɗakinsa, wadda kowa ke kira Inna, sai ta tuna masa da wata buƙata da ta fi bango gaggawa.

Ana nan sai ofishin tsara birni ya kira taro a makarantar unguwa. Wani jami'i ya yi bayani, kuma a gaskiya bayanin ba shi da laifi. Ya ce kafin a zana sababbin hanyoyi, ana so a san abin da ya sa tsohuwar unguwar ta bambanta da sauran wurare. Za a turo masu dubawa su bi ta lungu-lungu. Wurin da ke riƙe da kamannin garin za a bar shi, wanda ya ɗan lalace a gyara, wanda ba ya riƙe da komai kuma a buɗe hanya ta cikinsa idan an buƙata. Sai ya nuna taswira. Akwai wani layi da aka daɗe da ja, wanda ya miƙar da lungun nan don mota ta wuce, kuma layin ya bi ta tsakiyar teburin Baba Mai Guga. Idan masu dubawa suka ga lungun ya cancanci a bar shi, a goge layin. Idan ba su gani ba, shagon da ɗakin da ke sama su tafi.

Duk wannan bayani, abu ɗaya Baba Mai Guga ya ɗauko ya kawo gida.

"Inna, za a zo a duba mu."

"To, su zo mana. Ai ba mu saci lungun ba."

"Haka za su zo su same mu? Bango duk ƙuraje? Ke in surukai za su zo, da zanin wanke-wanke kike tarbar su?"

"Ni dai na ji mutumin yana ta cewa tsoho, tsoho. Ina ganin tsufan suke nema."

"Tsoho mai tsabta suke nema. Wa ya taɓa barin abu don ya lalace?"

Inna ta koma kan aikinta. Shekarun aure sun koya mata cewa idan mijinta ya fara misali da tufafi, an riga an yanke hukunci.

Ya bi maƙwabta gida-gida, kuma bai sha wahalar shawo kansu ba, don mutum ne da ya tura rabinsu neman aiki a goge suka samu. Aka haɗa hannu aka kira birkila. Aka shafe duwatsun da siminti, sumul, daga bakin lungu har kwana. Aka cire tsofaffin ƙofofin katako aka jingine a bayan gida, aka sa na ƙarfe. Wajen zaɓen fenti Baba Mai Guga ya nuna basira: ya zaɓi ruwan madara, irin wanda ake yi wa ofisoshin gwamnati, don baƙin su ji kamar suna gida. A ƙofar shagonsa akwai wani faffaɗan dutse da ake takawa a shiga, wanda ƙafafun mutane suka cinye tsakiyarsa har ya yi kwari kamar faranti. Da hannunsa ya cike kwarin da siminti, ya daidaita shi da katako, ya tsaya yana gadi kada kyanwa ta taka.

Mutum ɗaya ne ya ƙi. Ko kuma dai bai ƙi ba.

"Kai, ga birkila ya iso wajenka. A fara?"

"Sai gobe."

"Goben nan tun muna yara nake jiran ta. Za ka jawo a rushe mu saboda ƙazantarka."

"Haba, Sarkin Kari. Bangon nan ya ga kakanmu, bai faɗi ba. Don ya ga masu jaket ba zai suma ba."

Ranar da masu dubawa za su zo, bangon Sai Gobe yana nan yadda yake. Baba Mai Guga bai rasa dabara ba. Ya ɗaura igiya daga tagarsa zuwa ƙusar da ke saman ƙofar ɗan kawun nasa, ya shanya manyan zannuwan gado farare, gogaggu, waɗanda ba su da wata buƙatar shanya, har suka rufe abin kunyar daga sama zuwa ƙasa. Sai Gobe ya ce bai taɓa samun inuwa mai ƙamshi haka ba.

Da hantsi suka iso: mace ɗaya mai jaket ruwan toka, da maza biyu, ɗaya da kyamara, ɗaya da tef na awo. Mutanen lungu suka riƙa kiran matar Injiniya. Ta ce ita ba injiniya ba ce, mai tsara gari ce. Suka ce to, Injiniya.

Ta tsaya a bakin lungu ta daɗe ba ta ce komai ba. Baba Mai Guga, wanda ke tsaye a ƙofarsa cikin rigar da ya goge sau biyu, ya ɗauki shirun a matsayin yabo. Suka taho a hankali. Suka auna faɗin hanya, suka auna tsayin bango, suka duba inda inuwa ta tsaya. Mai kyamara ya ɗaga ta, ya sauke bai ɗauki komai ba. Da suka zo kwana, matar ta ɗaga gefen zanin gado ta leƙa, sai ta shige bayansa gaba ɗaya. Mai kyamara ya bi ta. Aka fara jin ƙarar ɗaukar hoto ba ƙaƙƙautawa.

Baba Mai Guga ya matsa kusa, ya rage murya.

"Ranki ya daɗe, a yi haƙuri da wannan. Ɗan'uwa ne, ba yadda muka iya da shi. Kada a rubuta laifinsa a kanmu."

Ta fito tana ja da baya don ta ga bangon da kyau, sai bayanta ya taɓi bangon Baba Mai Guga. Fentin bai gama bushewa ba. Da ta juyo, rabin jaket ɗin ya zama ruwan madara.

A duk rayuwarsa ba a taɓa ɓata wa mutum tufafi a ƙofarsa ba. Bai saurari cewa ba komai da take yi ba, sai da ya karɓi jaket ɗin, ya sa ta zauna a bencin cikin shago, ya ɗauko kananzir da tsumma. Inna ta kawo mata ruwa. Daga inda take zaune matar ta ɗaga kai ta ga katakon rufin da hayaƙin gawayi ya rina, da ƙugiyoyin ƙarfe da ke jikin bangon ciki, wanda birkila bai kai gare shi ba. Ta ƙofa kuma ana hango yadda lungun ya lanƙwasa, rana a gefe ɗaya, inuwa a ɗaya.

"Baba, yaushe kuka yi wannan aikin?"

"Kwanan nan. Don ku muka yi."

"Me ke ƙarƙashin simintin?"

"Dutse ne kawai, irin na wancan. Amma namu mun rufe."

Ta gyara zama, kamar likitar da ke neman ta inda za ta fara.

"Baba, bari in gaya maka abin da aka aiko mu nema. Muna duba abin da idan mutum ya gani zai san a garin nan yake, ko ba allo. Dutsen nan daga nan kusa aka fasa shi, babu irinsa a sabuwar unguwa. Yadda aka jera shi, da ƙofofin katakon, da kwanar nan da ke tare rana ta kuma juyo da iska, su ne muke rubutawa. Wanda zai yi sabon gini nan gaba, da su za a ce ya yi koyi."

"Iskar kam akwai. Shi ya sa kaya ke bushewa ba su koɗe ba."

"Mun auna ta. Amma yau da na tsaya a bakin lungu, abin da na gani bango ne ruwan madara da ƙofofin ƙarfe. Irinsa yana ko'ina. Wurin da yake kamar ko'ina kuwa, ba ni da hujjar da zan hana a fasa hanya ta cikinsa."

A lokacin ya gama fitar da fentin, ya shimfiɗa jaket ɗin a gefe, dutsen gawayi yana hannunsa. Ya ajiye shi a kan zanin teburi, ba a kan ƙarfen da ake ajiye shi ba.

"Wato abin da muka ɓoye shi kuka zo gani."

"Shi ne."

"Da na wancan malalacin?"

"Nasa ne mafi kyau da muka gani tun safe."

Daga bayan zanin gado aka ji muryar Sai Gobe: "Injiniya, ɗan ƙara ɗaga murya, ɗan'uwana kunnensa ya fara nauyi."

Inna ce ta fara jin ƙauri. Ta ɗauke dutsen da sauri, amma ya riga ya bar hotonsa a zanin teburin, baƙi ƙirin. Ita ce ƙuna ta farko da aka taɓa yi a shagon, kuma Allah ya taimaka ba a jaket ɗin baƙuwa ba ce.

Baba Mai Guga bai yi gardama irin ta wanda aka kama da kuskure ba. Tambaya ya yi, kuma da gaske yake.

"'Yata, mu da muke ciki fa? Ku za ku ɗauki hoto ku tafi. Mu ne idan baƙo ya zo yake ganin kamar ba mu da zuciyar gyara. Da damina bangon nan yana tsatsafo da ruwa. Shi ma kamannin gari ne?"

"A'a, wannan lalacewa ce, kuma ana gyara ta. Amma da farar ƙasa, yadda aka gina shi tun farko. Simintin nan riƙe danshin zai yi a ciki, nan da 'yan shekaru ya ɓarke ya tafi da fuskar dutsen. Ko ba don mu ba, ba alheri kuka yi wa bangon ba."

Ta ce ba za ta rubuta abin da ba ta gani ba. Yau siminti ta gani, siminti za ta rubuta. Amma kwamitin da zai yanke hukunci zai zagayo da kansa kafin a rufe taswira, kuma simintin sabo ne, bai gama kama dutsen ba. Idan suka zo suka tarar da dutse, sai ta ce wuri ne na gyara. Ya goge mata jaket ɗin, ya riƙe mata ta sa, ya gyara wuyan, don hannunsa ba ya iya barin wannan.

Abin da ya rage ya fi guga wuya. Mutumin da ya bi gida-gida yana cewa a shafe, shi ne zai sake bi yana cewa a kankare. Bai bi ba. Washegari da safe ya fito da tsohuwar riga, abin da ba a taɓa ganin sa da shi a waje ba, ya fara dukan bangonsa da bayan gatari. Maƙwabta suka fito suka tsaya. Wani tela ya ce shi kam ba zai taɓa nasa ba, fentin ya yi masa kyau, matarsa ma ta yaba. Wata mai sayar da zare ta tambaya ko gobe kuma za a ce su cire rufin. Baba Mai Guga ya gyara riƙon gatarinsa. Ya ci gaba da duka, gatarin yana zamewa.

Can sai ga Sai Gobe ya tsallako da guduma da cizal, ƙarfen sassaƙa.

"Ungo, kafin ka sare ƙafarka mu shiga uku da jinya."

"Yau ka kawo? Ba gobe ba?"

"Abin kallo ba a ɗaga shi. Matsa can, ba haka ake yi ba. A kwance ake sa bakin, kada ka ji wa dutsen ciwo. Ka tambaye mu, mu masana tarihi."

Simintin ya riƙa ɓallowa faifai-faifai. Da dutsen ya fara fitowa, a jiƙe, mai sayar da zare ta taɓa ta ji danshin da ya taru cikin ɗan lokacin nan, sai ta koma gida ta aiko a ara mata gudumar. Daga nan abin ya bi lungu. Aka dawo da ƙofofin katako daga bayan gida, wasu da sabon tabon kaji a jiki. Telan dai ya tsaya a kan bakansa, kuma har yau gidansa na nan ruwan madara a tsakiyar duwatsu, kamar haƙorin roba.

Dutsen bakin ƙofa kuwa Baba Mai Guga ya bar shi sai ƙarshe. Shi kaɗai ya yi shi, a durƙushe, da ɗan ƙaramin cizal, a hankali kamar mai cire tabo daga siliki. Da kwarin ya fito ya share shi da tafin hannu. Inna tana tsaye a bayansa.

"Babanka ma nan yake takawa," ta ce.

"Shi da duk wanda ya taɓa kawo wanki. Ni da na ɗauka lalacewa ce."

"Lalacewar ce mana. Ba dai kai kaɗai ka yi ta ba."

Kwamiti ya zo ya wuce. Da aka sake kiran taro a makaranta, layin da ya bi ta teburinsa ba ya cikin taswira. An sa lungun a wuraren da za a gyara a bari, hanyar mota kuma an karkatar da ita ta bayan tsohon sito, inda ba mai kwana. A bangon littafin da ofishin ya buga don masu gini su yi koyi, hoton bangon Sai Gobe ne, da ƙofarsa, da shi kansa a zaune yana gyaran rediyon da mai shi ya daɗe da haƙura. Ya yanke hoton ya manna a inda Baba Mai Guga zai riƙa gani idan ya ɗaga kai.

Shagon yana nan. An cike tsakanin duwatsun da farar ƙasa, ruwan ya rage shigowa, bai daina ba, kuma Inna takan ce kamannin garin yana ɗiga a kan gadonta. Zanin teburin mai ƙuna Baba Mai Guga bai canja shi ba, ya dai juya ƙunar ta koma gefen bango. Da na je karɓar rigunana kwanan baya, na tambaye shi ko yanzu yana ganin kyan dutsen.

Ya duba bangon ta ƙofa, ya daɗe.

"Kyau? Ban ce ba. Amma akwai yadin da ba a sa masa dutsen guga, Malam, in ka goge shi ka kashe shi. Na san wannan tun ina yaro. Ban dai san har da bango a ciki ba."

Ya miƙo mini rigunan, ya dubi wadda ke jikina, ya girgiza kai. Daga can gefen kwana Sai Gobe ya ɗago murya yana tambaya ko akwai sauran zanin gadon nan, rana ta fara damun sa.

"Sai gobe," in ji Baba Mai Guga, ya ci gaba da hura gawayi.